Makarantar da Aka Ɗauka a Ka

A shekara ta goma sha ɗaya da barina gida, cikin watan da ake girbin dabino a ƙasashen bayan teku, jirgin ruwan da ya ɗauko ni ya sauke ni a Birnin Lazura. Ni ne Nomau ɗan Korau. Wasu sun fita duniya neman zinariya, wasu neman sarauta, wasu gudun abin da suka baro a gida. Ni harsuna na fita nema. Duk ƙasar da na sauka sai in zauna in saurari mutanenta, in rubuta kalmominsu a wani kundi mai bangon fatar akuya. A lokacin harshe talatin da tara ke cikinsa, ina neman na arba'in.

Ina kuma da wata ɗabi'a da mahaifiyata ta yi ta faɗa a kanta tun ina ƙarami ba ta ci nasara ba, wato kwashe-kwashe. Ba na wuce wuri ban tsinci wani abu na jefa a jaka ba: katantanwar teku, dunƙulen gishiri, yashin hamada a ƙulle cikin tsumma. Ko a ƙofar Lazura, kafin in gaisa da masu gadi, sai da na sunkuya na ɗauki wani ɓallin shuɗin dutse da ya faɗo daga ganuwa.

Mutanen Lazura masu ilimi ne, masu tsabta, masu son doka. Sai dai ban taɓa ganin mutanen da suka kai su son zancen wanda ba ya nan ba. In uku suka zauna, ba wanda ke yarda ya fara tashi. A gidan littattafansu na yi kwana tara, a can kuma na ci karo da wani tarin takardu da ba wanda ya taɓa kakkaɓe musu ƙura. Rahotanni ne na shekara goma sha biyu daga wata makaranta da daular Lazura ta gina a Tudun Tembar, can saman gajimare, don 'ya'yan Tembarawa, waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar. Duk shekara magana ɗaya ce: yaran ba sa amsa tambaya, ba sa gane komai.

Da yamma na tambayi wani madugu da ke kai gishiri can. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tembarawa? Ba sa magana? Malam, in ka shiga garinsu sai ka nemi audugar toshe kunne!"

Takarda ta ce bebaye, madugu ya ce masu surutu. Na san ɗaya daga cikinsu bai duba inda ya kamata ba. Kashegari na bi ayarinsa.

Fataken wannan ƙasa a kan jiminu suke ɗora kaya. Muka yi kwana ashirin muna hawa, har muka iso bakin wani kwazazzabo da ba a ganin ƙasansa. Gada ɗaya ce tak a kansa, ana kiranta Gadar Haɗiya. Madugu ya ja ni gefe ya ce in shirya kalma guda wadda zan iya rayuwa ba ita, domin dodon da ke tsaron gadar ba ya cin nama, kalmomi yake ci. Sai ka ba shi wadda bai taɓa ɗanɗana ba, in ya haɗiye kuwa ta fita daga kanka ke nan.

"Kai me ka ba shi bara?" na tambaya.

"Sunan surukata. Da ma ba faɗa nake yi ba."

Dodon fari ne fat, kunnuwansa kamar faifai, bakinsa ɗan ƙarami kamar na tulu. Fatake suka ba shi sunayen tsofaffin jiminunsu da laƙabin ƙuruciya, suka wuce. Da na zo sai ya buɗe hanci ya shinshina ni daga sama har ƙasa.

"Kai rumbu ne," ya ce. "Ba za ka wuce da ɗaya ba. Duka zan ci."

Na dubi bakinsa, na dubi cikinsa, na lura cikin bai kai girman kwaɗayin ba. Na zauna na buɗe kundi, na nemi harshen wasu mazauna duwatsu da na zauna da su a shekara ta huɗu, mutanen da kalmarsu guda sai ka huta sau biyu kafin ka kai ƙarshenta. Na shiga karanto masa su ɗaya bayan ɗaya. Kowace na faɗa sai in ji ta zare daga kaina kamar an cire zare daga riga. Tun hantsi har la'asar yana haɗiya. Can ya fara gyatsa, idanunsa suka yi nauyi.

"Da nauyi," ya ce, "amma ba zaƙi. Kalmomin yaran Tembar su ne abinci. Goma ake koro mini kowace shekara, su ma ba na barinsu da ko ɗaya. Zuma ce zalla..."

Bai ƙarasa ba barci ya kwashe shi. Na tsallake ƙafarsa a hankali. Wani dogon farin gashi ya faɗo daga kunnensa, na tsince shi na jefa a jaka. A ƙetaren gada na zauna, kaina fayau, harshe guda cur ya ɓace mini. Na buɗe kundi na karanta shafin farko. Kalma ta farko ta dawo ta zauna a wurinta, ta biyu ta biyo ta. Kafin rana ta faɗi duk sun dawo gida.

Bayan kwana uku na fito saman gajimare. Tudun Tembar ƙasa ce mai ciyawa shar, da amya rataye a kowace bishiya. Madugu ya yi gaskiya: tun daga nesa na ji su. Mace na tatsar akuya tana yi wa akuyar bayanin halinta, tsoho na tsaye gaban itace yana lissafa wa jikokinsa amfanin saiwarsa da ganyensa.

Makarantar tana bakin gari, wani babban zagayayyen ɗaki na ƙasa mai ƙatuwar jinka. A ciki na sami malaminta, Malam Dabir, mutumin Lazura, siriri, mai idon wanda ya daɗe yana magana shi kaɗai. Yara sittin da uku suna zaune a gabansa tsit.

"Baƙo, zo ka gani da idonka," ya ce. Ya nuna wata yarinya mai kamar shekara goma sha uku. "Tiri, rafi nawa ne a Tembar?"

Ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta ce da Lazuranci mai kyau, "Ba sa nan, Malam."

"Ina teku take?"

"Ba ta nan, Malam."

"Ka ji ko? Shekara goma sha biyu ke nan. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi waƙa. Yanzu ga wannan." Ya miƙo mini wata takarda. Majalisar Ilimi ta Lazura ta gaji. Nan da kwana arba'in Mai Duba zai zo ya jarraba yaran. In suka faɗi, za a rufe makarantar, a kwashe su duka sittin da ukun a kai su birni. Na tuna hanyar birni ɗaya ce, na tuna wanda ke kwance a kanta.

Aka sauke ni gidan Kaka Sulde, kakar Tiri, tsohuwar da duk garin ke jin maganarta. Ta iya Lazurancin kasuwa saboda sayar wa fatake zuma. Aka kawo mini ruwan zuma a ƙwarya, maƙwabta suka cika tsakar gida. Don in buɗe hira sai na ce, "Kaka, ƙasarku ta yi kyau. Rafin nan da na tsallako ma ga sanyi, sai dai laka ta yi masa yawa."

Wata mata ta toshe wa ɗanta kunne. Kaka Sulde ta ajiye ludayi, ta miƙe, ta kama kunnena da yatsu biyu kamar ɗan da ta haifa, ta ja ni. Duk gari suka biyo mu. Ba ta sake ni ba sai a bakin rafi.

"To ga shi," ta ce. "Maimaita a gabansa, in kai namiji ne."

Na dubi ruwa, na dubi jama'a, na ce, "Rafi, laka ta yi maka yawa."

"Madalla. Yanzu ka yi magana irin ta mutane." Sai ta tsuguna ta taɓa ruwan. "Gaskiya ya faɗa, Ombe, bana ka yi ƙazanta." Daga nan baki ya buɗe. Ta gaya mini sunayen rafin bakwai, kowane lokaci na shekara da nasa. Yara suka yi caa, wannan na faɗin kifayensa, wancan na faɗin inda ya samo asali da inda yake nutsewa ƙarƙashin dutse. Tiri, wadda ɗazu ta ce ba sa nan, ta yi mini bayanin yadda ake gane ambaliya tun da sauran kwana biyu, ta launin kumfa.

A nan na gane. A wurin Tembarawa ba mutum kaɗai ake yi da shi ba. Rafi, dutse, itace, tauraro, duk abin da ka ambata a bayan idonsa, ko yabo ne, gulma ka yi. Kuma ba abin kunya a wurinsu kamar gulma.

"Kaka," na ce, "me ya hana ku gaya wa Malam Dabir?"

"Ba ya nan," ta ce. Ta aika aka kira shi. Ya iso yana haki, karo na farko da ya taka bakin rafin. Ta dube shi ido cikin ido.

"Malam, kai mutumin kirki ne. Kana ba yaranmu magani, ba ka taɓa ɗaga musu hannu ba. Amma tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin magulmaci irinka ba. Tun safe har azahar kana cikin ɗaki kana yi da teku, kana yi da duwatsu, ko wata ba ka ƙyale ba. Sannan ka ce 'ya'yanmu su taya ka!"

"To ai... me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Ka tambaya? Ka zo faɗa ne, ba ka zo tambaya ba. Ka kuma hana harshenmu shiga ɗakinka. Mu kuma ba ma koya wa baƙo kunya a gaban yara."

Malam Dabir ya zauna daɓas a kan laka.

Na tambayi yadda suke yi da wanda ya yi tafiya ko ya rasu. Kaka ta mai da mu gida, ta nuna mana wani dogon kanta a ɗakinta. Duk mai tafiya yakan bar wani abu nasa ya zama wakilinsa. In ana son zancensa sai a sauko da abin, a gaishe shi, a yi magana a gabansa. A gefe guda na kantan akwai ƙananan abubuwa jere: munduwa, 'yar tsana, haƙorin yaro, majajjawa. Ɗari da ashirin ne, na ƙirga. Na yaran da aka riƙa kaiwa birni ne goma-goma kowace shekara. Ta ɗauki wata 'yar munduwa ta shafa.

"Sannu, Yande jikata. Ta dawo sau ɗaya, ta yi tsawo, ta yi kyau. Muka zauna muna kallon juna. Ko 'Kaka' ba ta iya ce mini ba. Kwana uku ta koma."

Na kwance jakata na zazzage ta a kan tabarma. Na ɗauki katantanwa na ajiye gaban Tiri, na ce daga cikin teku na tsamo ta da hannuna. Ta dubi kakarta. Kaka ta kara katantanwar a kunne, ta saurara, ta gyaɗa kai.

"Tana ciki. Gaishe ta."

"Sannu, teku," in ji Tiri. Sai ta fara. Faɗin teku, da gishirinta, da yadda take cika tana janyewa da tafiyar wata, da sunayen tsibirai goma sha ɗaya, duk da Lazuranci, har da ɗan tarin da Malam Dabir ke yi a tsakiyar jumla. Wani yaro ya karɓa daga inda ta tsaya, wani ya gyara masa. Ashe shekara goma sha biyu ba abin da ya faɗi ƙasa.

"Tsibiran goma sha biyu ne," in ji Malam Dabir.

"Bara ka ce goma sha ɗaya, Malam. Ka ce ɗaya ya nutse."

Ya tuna. Ya rufe fuska da hannun riga, yana dariya yana kuka, yara suna bubbuga masa baya.

Daga ranar makaranta ta koma tafiya. Da safe mu bi Kaka Sulde da tsofaffi, su koyar da Tembaranci gaban kowane abu, Malam Dabir a sahun gaba da allonsa, yana kwaɓa kalmomi yara suna faɗuwa don dariya. Da rana shi kuma ya koyar da Lazuranci da lissafi, jakata a buɗe a gefensa. Kaka ta laƙaba mini suna Kwashe-kwashe, ban gaya mata mahaifiyata ta riga ta ba.

Rigima ɗaya muka yi, a kan kundina. Da na fara rubuta kalmominsu sai ta dafe shafin.

"Wannan abin naka ya fi Malam. Shi aƙalla yana barci. Wannan kuwa dare da rana yana yi da mutane a cikin jaka."

Na zaro farin gashin nan na ajiye a gabanta, na ce na dodon Gadar Haɗiya ne. Na ba ta labarin duka a gabansa: abin da ya ci, da abin da ya ce game da yaransu, da yadda rubutu ya dawo mini da abin da ya haɗiye. Ta dubi gashin. Sannan ta yi masa zagin da ban taɓa jin irinsa ba a harshe talatin da tara, ta haɗa da uwarsa da kakarsa. Da ta huce ta ce, "Duk da haka, gulma gulma ce."

"Ƙawata," in ji Tiri, haka take kiran kakarta in tana neman tsokana, "tsufa ya fara taɓa miki kai. In aka rubuta sunan Ombe da lakar Ombe fa?"

Kaka ta kai mata duka da ludayi ta kauce. Amma kashegari kowane yaro ya ɗinka kundinsa. Suka rubuta rafi da lakarsa, suka manna ganye a shafin itace, gashi a shafin akuya, kaki a shafin zuma, ƙaya a shafin kifi. Da baƙaƙen Lazura suka rubuta, amma harshen nasu ne. Kundayen suka kumbura, suka yi wari, kyanwoyin gari suka shiga makaranta ba wanda ya gayyace su.

Ran kwana na arba'in Mai Duba ya iso. Sunansa Nuhas. Mutum ne madaidaici, mai tsabtar tufafi, wanda ko murmushi sai ya auna. Ya zauna a kujerarsa cikin ɗakin makaranta, ya fito da takardar tambayoyi mai hatimin jan kaki, da littafin doka. Malam Dabir ya durƙusa ya yi masa bayani, ya roƙi a fita waje.

"Na ji, kuma abin sha'awa ne," in ji Nuhas. Ya buɗe littafi ya karanta. "Jarrabawa a ƙarƙashin jinkar makaranta ake yinta, Mai Duba yana zaune. Ba ni na rubuta ba, ba ni zan canza ba. Tambaya ta farko: rafin Tembar."

Yara suka sunkuyar da kai. Na ga alƙalaminsa ya doshi takarda. Kaka Sulde, da ke leƙe ta ƙofa, ta ɗaga kai ta dubi jinka, ta dube ni.

"Kwashe-kwashe, a garinku in an gama jinka a ƙasa, yaya ake ɗora ta?"

"Gayya ake yi, Kaka. A kai ake ɗauka."

Ta fita ta rangaɗa guɗa. Kafin Nuhas ya tsoma alƙalami a tawada karo na biyu, ƙarti arba'in sun kewaye ɗakin. Aka ji ƙara, ƙura ta zubo, haske ya shigo ta ko'ina. Jinka ta tashi sama ta sauko waje a kan kawunan mutane. Wasu huɗu suka ce, "Ranka ya daɗe, riƙe da kyau," suka sunkuci kujera da shi a kai, suka shigar da shi ƙarƙashinta. Yara suka duru a bayansa.

Ban taɓa ganin natsuwa irin ta mutumin nan ba. Yana lilo a sama, ciyawa a rawaninsa, ya buɗe littafin doka ya bi shi layi-layi har ƙarshe. Ya rufe.

"Jinka tana sama. Ina zaune. Ba a ce ta tsaya wuri ɗaya ba. Mu je."

Aka goce da kiɗa. Jinka ta gangara rafi kamar ƙaton kunkuru mai ƙafa tamanin, mata na guɗa, awaki na bi, kyanwoyi na bin kundaye. A bakin Ombe yara suka amsa da Lazuranci, suka ƙara da Tembaranci, har sai da Nuhas ya ɗaga hannu ya ce takardarsa ta cika. Lissafi a ƙarƙashin bishiyar amya aka yi shi. Da aka zo tambayar wata, rana na tsaka. Wani ɗan ƙaramin yaro ya leƙa ta gefen jinka ya nuna yamma: ga shi can fari-fari kamar ɓallin ƙwarya, bai gama faɗuwa ba. Aka karkata jinkar don ya ji abin da ake faɗa a kansa. Teku ta zo a katantanwa, hamada a tsumma, Birnin Lazura a ɓallin shuɗin dutse. Nuhas ya juya dutsen a hannunsa ya ce ɗaukar wannan laifi ne, sannan ya mayar mini.

La'asar ta yi, muna kan tudu, masu ɗauka sun canza sau uku.

"Tambaya ta ƙarshe," ya ce. "Doka ta ce wanda ya faɗi wannan ya faɗi duka. Ku faɗi sunan Sarkin Lazura da ayyukansa."

Kiɗa ya tsaya. Na zazzage jakata har ƙasa. Babu. Ban taɓa kusantar fada ba. Malam Dabir ya laluba aljihunsa, ba komai sai alli. Yara sittin da uku sun san amsar kamar sunayensu, na ga leɓunansu a matse. Tiri ta matso gaban kujera.

"Ba ya nan, ranka ya daɗe."

"Kin san abin da zai biyo baya in na rubuta haka?"

"Na sani."

Nuhas ya dube ta. Mutumin da ya tashi a birnin da ba a iya barin zama don tsoron baki, yau ga yarinya ta zaɓi gada da dodo a kan ta yi da mutum a bayansa. Ya sunkuya ya dubi takardar da ke hannunsa. Ya juya ta. Ya sa farce ya ɓamɓare hatimin jan kakin, ya ce a sauke shi ƙasa da kujerar.

"Sarki da kansa yake danna babban yatsansa a kakin nan," ya ce. "Ga zanen. Ya isa?"

Kaka ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta shinshina. "Yana da kaushin hannu. Yana ciki."

Aka ɗora hatimin a kan ganye. Tiri ta durƙusa ta gaishe shi. Ta faɗi sunansa da na ubansa, da rijiyoyin da ya haƙa, da hanyoyin da ya shimfiɗa, ba ta bar ko ɗaya ba. Nuhas ya ɗaga alƙalami zai rufe. Ba ta tashi ba.

"Tunda ga ka, ranka ya daɗe, akwai saura. Ka gina mana makaranta, mun gode. Ka aiko mana Malam, mun gode. Ka kuma kwashe mana 'yan'uwa ɗari da ashirin ta kan Gadar Haɗiya, ba wanda ya dawo da bakinsa. Yayata Yande tana cikinsu. Ba mu taɓa faɗa a bayanka ba. Yau mun faɗa a gabanka."

Malam Dabir ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, wannan ba sai an rubuta ba."

"Doka ta ce a rubuta amsa yadda aka ba da ita," in ji Nuhas. Ya rubuta har ƙarshe, ya tambaye ta yadda ake faɗin Yande daidai.

Ya fara naɗe rahotonsa, Kaka ta riƙe masa hannun riga. "Ɗan nan, ina za ka kai? Can za ku zauna ku yi da 'ya'yanmu?"

Ya tsaya. Ya warware takardar, ya miƙe tsaye, ya karanta musu a gabansu. Yara sittin da uku sun ci. Makaranta za ta zauna a Tembar, da harshe biyu, jinkarta kuma ta je duk inda darasi yake. Ya kuma rubuta shawarar a aika wa yaran da ke birni da kundaye. Ban ji sauran ba saboda guɗa. Masu ɗauke da jinka suka shiga rawa da ita a kai, Malam Dabir yana tsakiya yana taka wata irin rawa da ba ta Lazura ba, ba ta Tembar ba. Kafin a naɗe rahoton, kowane yaro ya tsoma yatsa a lakar Ombe ya danna a ƙasansa, don in an karanta a majalisa suna wurin. Tiri ta ba Nuhas kundinta ya kai wa Yande. Ya karɓa, ya shinshina, ya nannaɗe shi cikin rawaninsa na ajiya.

Na ƙara wata biyu har harshe na arba'in ya cika kundina, ya kumbura ya yi wari kamar na kowa. Ranar tafiyata duk gari suka raka ni bakin gajimare. Tiri ta zaro tsinke ɗaya daga jinkar makaranta ta soka mini a bangon kundi, ta ce duk inda zan ba da labarinsu in fara ajiye shi a gabana in gaishe shi.

Na ɗaga jaka zan juya, Kaka Sulde ta tare hanya da sandarta.

"Kwashe-kwashe, ka kwashi na kowa. Kai me ka bari? Ko so kake mu yi shiru a kanka har abada? Muna da magana da yawa, ba duka ce mai daɗi ba."

Na buɗe jaka in zaɓo mata wani abu. Ta ce duk na wasu ne. Ta sunkuya ta zare takalmina na ƙafar hagu, ta ɗaga shi sama, yara suka gaishe shi baki ɗaya. Na shiga gajimare da takalmi ɗaya, ina jiyo ta a bayana ta riga ta fara gaya masa yadda nake minshari.